Shaida Gawa: Daga Ƙiyafar Larabawa Zuwa Ilmin Ƙasusuwa a Tamale

Tun kafin bayyanar Musulunci Larabawa suna da fannin ƙiyafa, wato duban gaɓoɓin mutum domin a gane nasabarsa, kuma Banu Mudlij ne suka yi fice a cikinsa. Wani mutuminsu, Mujazziz, ya tarar da Zaidu ɗan Harisa da ɗansa Usama suna kwance, sun lulluɓe kawunansu da mayafi, ƙafafunsu kaɗai ke waje, sai ya hukunta cewa jininsu ɗaya ne, alhali kuwa launin fatarsu ya sha bamban. Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya yi farin ciki da wannan hukunci. A yaƙin Uhudu kuma, shekara ta 3 bayan Hijira, da aka tsinci Anas ɗan Nadru da raunuka fiye da 80, mushirikai sun ɓata kamanninsa, babu wanda ya iya shaida shi sai 'yar'uwarsa, ita ma da kan yatsunsa.

A ƙasashenmu askar wanzami ce ta daɗe tana wannan hidima. Fataken da ke tasowa daga Kano da jakunansu zuwa Salaga neman goro, idan ajali ya riski ɗayansu a zango, nesa da dangi, tsagar fuskarsa ke faɗa wa mai masauki ko Bagobiri ne ko Babarbare, sai a nemo mutanen ƙasarsu su yi masa sutura. Bayan yaƙin basasar Salaga na 1892 Hausawa suka watsu, Turawa kuma suka mai da Tamale hedkwatar arewacin ƙasar da ake kira Gana a yau a 1907, zangonta ya bunƙasa. Sai dai tsaga a fata take, fata kuwa ba ta jure wuta, ba ta jure ruwa, ba ta daɗewa a cikin ƙasa.

Abin da ke saura shi ne ƙashi da haƙori, kuma a kansu masana na wannan zamani suka gina fanninsu. Masani yakan ɗauki ƙashin ƙugu ya duba faɗinsa, domin na mace ya fi buɗewa saboda haihuwa. Ya auna ƙashin cinya ya ƙiyasta tsawon mamaci. Ya dubi fitowar haƙora da haɗewar kawunan ƙasusuwa ya san ko yaro ne ko baligi. Tsohuwar karaya da maɗori ya ɗora tun ƙuruciya ma tana barin kumburinta, wanda uwa za ta iya tunawa. A 1984 wani Ba'amurke, Clyde Snow, ya je Ajantina ya koya wa waɗansu ɗalibai wannan aiki, suka riƙa tono waɗanda mulkin soja ya ɓatar suna mayar wa iyaye. A Gana ma, a 2001, an tono manyan hafsoshin da aka harbe a watan Yuni na 1979, cikinsu har da Acheampong da Akuffo da Afrifa, aka miƙa wa iyalansu.

Mutanen Tamale sun ɗanɗani ɗacin wannan al'amari ranar 6 ga Agusta 2025, lokacin da jirgin soja mai saukar ungulu ya faɗi a yankin Adansi kan hanyarsa ta zuwa Obuasi, mutum 8 suka rasu, cikinsu har da Ibrahim Murtala Muhammed, ɗan majalisar Tamale ta Tsakiya kuma ministan muhalli. Wuta ta cinye gawarwakin har ido bai iya rarrabewa, aka kai samfur Afirka ta Kudu domin gwajin ƙwayoyin halitta, kuma Musulmi biyun da ke ciki ba a sallace su ba sai ranar 10 ga wata. Allah ya jiƙansu.

Wanda ya karanta fiƙihu ya san cewa lamarin ya wuce gaggauta jana'iza, domin takaba da rabon gado duka sun rataya ne a kan yaƙinin mutuwa. A mazhabar Malikiyya matar wanda ya ɓace a ƙasar Musulmi takan jira shekara 4 bayan ta kai ƙara gaban alƙali, sa'an nan ta yi idda ta wata 4 da kwana 10. Saboda haka, a ganina, tunda suturar mamaci farilla ce ta kifaya, ilmin da ake gane mamacin da shi ba zai zama abin ƙyama ba, kuma tsoron taɓa ƙashin gawa da ke hana 'ya'yanmu kusantar wannan fanni ba shi da hujja, muddin an kiyaye alfarmar mamaci.

Hanyar karatun kuwa ba ta da nisa. Jami'ar Legon tana da sashen binciken kufai tun 1951, Jami'ar Cape Coast tana koyar da kimiyyar binciken laifuka, Jami'ar Nazarin Ci Gaba da aka kafa a Tamale a 1992 ita ma tana da irin wannan sashe a Nyankpala. Ina roƙon iyaye da malaman zango, idan sun ga yaro ko yarinya mai natsuwa, mai amana, mai son ilmin halittu tun daga sakandare, su ƙarfafa masa gwiwa, attajiranmu kuma su ɗauki nauyin karatunsa har ya ƙware.