Ƙwanƙwasar inji: a auna kusine kafin a sa sabo

Mu masu mota da direbobin taksi mun san wannan ƙara: "ƙwas-ƙwas-ƙwas" daga ƙasan inji, tana tsananta in an taka totur. Wasu su ce inji ya yi nokin. Sau da yawa laifin kusinen biyel ne, wanda makanikan Kano ke kira metal.

Mene ne kusine?

Biyel shi ne ƙarfen da ke haɗa piston da bilbirkan, wato kiranshaf. Tsakaninsu akwai ɓawo biyu na ƙarfe mai taushi, su ne kusine. Ana barin ɗan fili tsakanin kusine da wuyan bilbirkan don man inji ya shiga ya raba ƙarfe da ƙarfe. A yawancin ƙananan motoci filin nan yana tsakanin milimita 0,02 da 0,06, bai kai kaurin gashin kai ba. In ya yi yawa, mai ya tsere, biyel ya riƙa dukan bilbirkan. In ya yi kaɗan, wurin ya ɗau zafi ya liƙe.

Abin da ke cinye shi mun san shi a nan: ƙarancin mai, jinkirin juye, jabun mai, da ƙurar hunturu da ke shiga ta lalatacciyar matatar iska.

Alamomi

Fitilar mai tana kyaftawa in inji ya yi zafi. A man da aka juye ana ganin garin ƙarfe mai ƙyalli. In aka cire wayar buji ɗaya bayan ɗaya, ƙarar kan ragu a silindar da ke da ciwon. To, daga nan a kashe mota. Biyel da ya karye yana iya huda jikin inji, gyaran 'yan jikkuna ya koma sayen inji sukutum.

Yadda ake awo

1. A juye mai, a sauke kwanon ƙasa, a sa wa kowane murfin biyel alama don kada a musanya su.
2. A goge wuyan bilbirkan da kusine su bushe sarai.
3. A shimfiɗa zaren Plastigauge a kan wuyan. Koren yana auna 0,025 zuwa 0,076.
4. A mayar da murfi, a ɗaure da sufana mai auna ƙarfin ɗauri, daidai adadin da littafin motar ya faɗa. Kada a juya bilbirkan.
5. A buɗe, a gwada faɗin zaren da ma'aunin da ke jikin takardarsa. In zaren ya baje sosai, filin kaɗan ne. In ya tsaya siriri, filin ya yi yawa.

Sannan a auna wuyan da mikiromita a wurare daban-daban, a ga ko ya zama kamar ƙwai.

Gyara

In wuyan sumul yake kuma awonsa daidai, sabon kusine mai alamar STD ya isa. In ya karce, sai a kai bilbirkan wurin masu wasawa, su rage 0,25 ko 0,50, a sayi kusine mai wannan lamba. Bayan wasawa a wanke hanyoyin mai tas, a sake awo, a shafa mai kafin haɗawa.

Akwai dabarun da muke gani a gareji: goge murfin biyel da magagari, cusa gwangwani ko takarda bayan kusine, zuba mai mai kauri don ƙara ta yi shiru. Ai ɓoye ciwo ne kawai, zai dawo a tsakiyar hanyar Maradi zuwa Damagaram.

Masu kabu-kabu kuwa, yawancin ƙananan babura boris ne a gindin biyel ɗinsu, Plastigauge ba ya aiki a nan.

Kafin mu biya kuɗin gyara, mu tambayi makanike: nawa ka auna, nawa littafi ya ce?