Barasar Zaƙi da Ake Sha Bayan Cin Abinci: Mece Ce, Kuma Mene Ne Hukuncinta?

Tambaya: Daga Birnin Kudu nake. Abokin aikin maigidana ya dawo daga ƙasar waje ya kawo mana tsarabar wata kwalba, an rubuta Amarula a jikinta. Abin da ke ciki kamar madara yake, ya ce bayan abinci ake ɗan kurɓa don ya narke. Ya halatta mu sha?

Amsa: 'Yar'uwa, kada ku sha. Giya ce, kuma ta fi giyar kwalba da aka saba gani ƙarfi.

Amarula tana cikin dangin barasar da ake rubuta wa liqueur a jikin kwalba. Ana samo barasa mai ƙarfi wadda aka tace da wuta da tururi, irin yadda ake yin ogogoro, sai a zuba mata sukari mai yawa, a ƙara 'ya'yan itace ko ganyaye ko kirim ɗin madara. A dokar Tarayyar Turai, galibinsu sai sun kai giram 100 na sukari a lita ɗaya, barasar ciki kuma ba ta gaza kashi 15 cikin ɗari ba. Turawa kan sha ta a ɗan ƙaramin kofi bayan sun ƙoshi.

Ita wannan ta hannunku a Afirka ta Kudu ake yin ta, kuma da abin da kika sani: 'ya'yan ɗanya, wato nunu, wanda yara ke tsintowa a dazukan Gwaram da Birnin Kudu. Nunu halal ne, amma a can sai a tsima shi ya zama giya, a tace, a gauraya da kirim. Barasarta kashi 17 ce, alhali giyar kwalba kusan kashi 5 take. Baileys ta ƙasar Ailan ma mai madarar ce, ita ma kashi 17. Akwai ta gahawa, Kahlúa, daga Meziko, da Amaretto ta Italiya, da ta ɓawon lemo irin Cointreau ta Faransa mai kashi 40.

Waɗanda suka fi kusa da mu su ne na saiwoyi da ganyaye. A Jamus akwai Jägermeister mai kashi 35. A nan kuwa akwai Alomo Bitters ta Gana da Orijin Bitters. Su ɗaci ya fi rinjaye a bakinsu, kuma wannan ɗacin ke sa samari su ɗauke su maganin basir ko na ƙarfin maza. A ganina sun fi tsarabar Turai haɗari, don suna da arha, kuma mai shan su yana da uzurin da zai faɗa wa kansa.

Allah Ya haramta giya a Suratul Ma'ida, aya ta 90. An tambayi Annabi, Sallallahu Alaihi Wasallam, game da bit'u, abin shan zuma na mutanen Yaman, ya haramta shi saboda yana sa maye, bai dubi zaƙinsa ba. Abu Dawuda da Tirmizi sun ruwaito cewa abin da mai yawansa ke bugarwa, kaɗansa ma haramun ne, don haka ƙanƙantar kofin ba hujja ba ce. Zancen narkar da abinci kuwa, a Sahihu Muslim Ɗariƙ bin Suwaid ya ce don magani yake yin giya, aka sanar da shi cuta ce. Wani gwaji da likitoci suka wallafa daga Zurik a 2010 ya nuna barasa jinkirta fitar abinci daga tumbi take yi.

Ki riƙa duba jikin kwalba. In kin ga lamba da alamar % tare da vol ko alc, barasa ce. Haka cakulan na tsaraba, wasu da ita ake cika cikinsu.

In wani ya riga ya ɗanɗana bisa rashin sani, babu zunubi a kansa. Kwalbar kuma ba a sayarwa, ba a kyautar da ita ko ga wanda ba Musulmi ba. Ku tsiyayar da ita inda yara ba za su kai ba, maigida kuma ya sanar da abokinsa cikin lumana, wataƙila shi ma bai sani ba. Wallahu a'alam.