Faifan Chet Baker Na 1954 Da Hukuncin Masu Sharhi

Abin da za mu duba a yau shi ne yadda hukuncin masana kan saɓa wa na jama'a, da yadda zamani kan raba gardamar. Misalinmu kuwa daga Amurka za mu ɗauko shi, daga kiɗan jaz, wanda baƙaƙen fatar ƙasar suka ƙirƙiro.

Chet Baker farar fata ne, an haife shi a Jihar Oklahoma cikin 1929. Sana'arsa busa ƙahon nan na tagulla mai kama da begilar soja, ya kuwa fara suna cikin 1952 a ƙungiyar Gerry Mulligan. A watan Fabrairun 1954 ya ɗauki wani faifai a birnin Los Angeles da ƙungiyarsa ta mutum huɗu: shi da Russ Freeman mai fiyano, da mai babban goge, da mai ganguna. Kamfanin Pacific Jazz ya fitar da shi da waƙoƙi takwas, da sunan Chet Baker Sings, aka ƙara shida cikin 1956.

Abin da ya ta da ƙura shi ne mabushin ya riƙa ajiye ƙaho yana rera waƙa. Muryarsa siririya ce, ba amo, ba ado, har mai sauraro kan kasa bambance ko ta namiji ce ko ta mace. Masu sharhi da yawa suka ce ba mawaƙi ba ne, ya koma ga ƙahonsa. Samari da 'yan mata kuwa suka yi ta sayen faifan.

Sai dai gardamar ba ta murya kaɗai ba ce. A 1954 masu karanta mujallar Down Beat suka zaɓi Baker gwanin mabusa, a gaban Miles Davis, baƙar fata, wanda Baker kansa ya ɗebi abubuwa da yawa daga salonsa. Wannan ya ɓata wa makaɗa baƙaƙe rai, domin sun ga kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi. Ƙorafinsu yana da tushe, ko da yake laifin na kasuwa ne, ba na faifan ba.

Baker ya rasu a Amsterdam cikin 1988, bayan miyagun ƙwayoyi sun daɗe suna cin sa. A 2001 hukumar Grammy ta sanya faifan cikin jerin fayafayan da take girmamawa saboda tarihinsu.

To, me ya sake? Faifan dai yana nan yadda aka ɗauke shi. Mudun awon ne ya sake. Masu sharhin farko sun auna shi da mudun manyan muryoyin zamaninsu, suka ga bai cika ba, alhali kuwa abin da suka kira rauni shi ne salon. Saboda haka ɗalibin tarihi, in ya karanta hukunci, ya fara tambaya: wa ya yanke shi, da wane mudu kuma ya auna?