Haƙƙin Kyanwa a Kan Mai Gida: Abin da Tarihi Ya Nuna

Gabatarwa

Kyanwa tana cikin 'yan dabbobin da masana ke kyautata zaton su suka kawo kansu gidan ɗan'adam. Lokacin da mutanen Gabas ta Tsakiya suka fara noma suna tara hatsi a rumbu, ɓeraye suka yi dafifi, magen dawa kuma ta biyo sawunsu. A wancan zamani ita ke ciyar da kanta, tana shiga tana fita yadda ta ga dama. Abin da nake son nunawa a wannan muƙala shi ne, duk lokacin da mutum ya rage wa kyanwa wannan 'yanci, nauyinta ƙaruwa yake yi a wuyansa, kuma girmama ta da baki bai taɓa sauke wannan nauyi ba.

Daga Kubrus Zuwa Masar

A shekarar 2004 masu haƙar kayan tarihi daga Faransa suka sanar da gano wani kabari a tsibirin Kubrus, mai kimanin shekara 9,500, inda aka binne mutum da 'yar kyanwa mai wata takwas kusa da shi. Tsibirin ba shi da kyanwa ta asali, saboda haka a cikin jirgin ruwa aka tsallako da kakanninta. Wanda ya ɗauki dabba ya ƙetare teku da ita kuwa, ya riga ya karɓi amanarta.

A tsohuwar Masar darajar kyanwa ta kai ƙololuwa. An danganta ta da abar bauta Bastet, wadda babban ɗakin bautarta ke birnin Bubastis. Masanin tarihin Girka Hirodotas ya ruwaito cewa idan kyanwa ta mutu a gida, mutanen gidan sukan aske girarsu don juyayi. Sai dai sabo da kaza ba ya hana yanka ta. A 1888 wani manomi ya tono maƙabartar kyanwoyi a Bani Hasan, gawarwaki dubbai naɗe da likkafani, har aka yi jigilar kimanin tan 19 zuwa Libaful a Ingila a 1890, aka sayar a matsayin taki. Da aka haska irin waɗannan gawarwaki da na'urar hoton ƙashi a ƙarni na 20, sai aka tarar da yawansu ƙanana ne, an kuma karya musu wuya. Kiwon su aka yi musamman domin a sayar wa masu ziyarar ibada. A ganina, nan ne darasi mafi nauyi: al'ummar da ta tsarkake kyanwa ita ce ta mayar da ita haja.

Ma'aunin Musulunci da Waƙafin Alƙahira

Musulunci bai ɗora kyanwa a kan karagar bauta ba, amma ya kafa mata haƙƙi. A hadisin da Buhari da Muslim suka ruwaito, wata mata ta shiga wuta saboda ta tsare kyanwa har ta mutu, ba ta ba ta abinci ba, ba ta kuma sake ta ta nemi na kanta ba. Ma'aunin a bayyane yake: ko ka ciyar, ko ka buɗe ƙofa. Sarkin Masar Zahir Baibaras, wanda ya yi mulki daga 1260 zuwa 1277, ya yi waƙafin wani lambu domin ciyar da kyanwoyin Alƙahira marasa gata. Ƙarni biyar da rabi bayan haka, Baturen Ingila Edward Lane ya tarar babban alƙalin birnin yana sa a kawo musu abinci a harabar kotu kowace la'asar.

Zamanin Rufaffen Gida

Ƙarni na 20 ya rufe ƙofar gaba ɗaya. A 1947 wani ɗan kasuwa a jihar Mishigan ta Amurka, Edward Lowe, ya fara sayar da gasasshen yumɓu mai shanye fitsari a madadin toka da yashi, abin da ya sauƙaƙa ajiye kyanwa a ɗaki dare da rana. Daga nan cinta ya koma hannun kamfanoni. A 1987 likitocin dabbobi a Jami'ar Kalifoniya da ke Dabis suka gano cewa wata cutar zuciya mai kashe kyanwoyi tana da nasaba da ƙarancin sinadarin taurin a abincin da ake sayarwa. Kyanwar da ke farautar ɓera tana samun wannan sinadari a nama ba tare da kowa ya auna mata ba. Da aka ƙara shi a abincin, cutar ta ragu ƙwarai.

Kammalawa

A gidajenmu mage tana nan tsakanin rumbu da tsakar gida, rabi a hannunmu rabi a hannun kanta, kuma haɗurranta na yau daga gare mu suke. Takan ci ɓeran da ya sha guba ta bi shi. Ƙwayar farasitamol guda tana iya kashe ta, albasa na lalata mata jini, tuwo tsagwaronsa kuma ba ya riƙe dabbar da aka halitta don cin nama. Haƙƙinta bai wuce nama ko kifi, da ruwa mai tsabta, da allurar rigakafin cutar haukan kare, da wurin hawa da fakewa ba. Wanda ba zai iya waɗannan ba, kada ya rufe mata ƙofa.