Zaɓi Tsakanin Jami'o'in Gwamnati Biyu: Bayani Ga Ɗalibai, Iyaye Da Shugabannin Al'umma

A kowace shekara, da zarar jami'o'i sun fara fitar da sunayen waɗanda suka ba gurbin karatu, akan sami gidaje da dama a ƙananan hukumomi 27 na Jihar Jigawa da ke fuskantar tambaya guda: an ga sunan yaro ko yarinya a jami'o'in gwamnati biyu, to wacce za a ɗauka? Sau da yawa zaɓin yakan kasance ne tsakanin Jami'ar Tarayya da ke Dutse, wadda Gwamnatin Tarayya ta kafa a shekarar 2011, da Jami'ar Sule Lamido da ke Kafin Hausa, mallakar Gwamnatin Jiha, wadda aka kafa a shekarar 2013. Wasu kuma zaɓin nasu tsakanin ɗaya daga cikin waɗannan ne da Jami'ar Bayero ta Kano ko Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya. Mun tanadi wannan bayani ne domin amfanin ɗalibai da iyayensu, musamman mazauna karkara, da kuma jami'an ƙananan hukumomi da masu riƙe da sarautun gargajiya, waɗanda su ne jama'a ke fara tunkara domin neman shawara.

Gurbi biyu ne ko ɗaya?

Wannan ita ce tambayar da ya kamata a fara amsawa tun kafin a shiga muhawara kan wace jami'a ta fi. Kafin shekarar 1978, kowace jami'a a Nijeriya ita ke shirya tata jarrabawar, ta kuma ɗauki ɗalibanta, lamarin da ya sa ɗalibi guda kan riƙe gurabe biyu ko uku alhali wani bai sami ko ɗaya ba. Magance wannan matsala na daga cikin dalilan kafa hukumar shirya jarrabawar shiga manyan makarantu, wato JAMB, a wannan shekara. A shekarar 2017 kuma hukumar ta ɓullo da tsarin da ake kira CAPS, wanda ta hanyarsa ne kaɗai ake bayar da halastaccen gurbin karatun digiri na farko. Jami'a ce ke zaɓen ɗalibi ta miƙa sunansa, JAMB ta amince, sannan tayin ya bayyana a shafin ɗalibin a intanet, inda zai latsa amincewa ko ƙin amincewa.

A wannan tsari ba a tauna taura biyu a lokaci guda. Ɗalibin da ya amince da tayin wata jami'a ya fita daga cikin waɗanda sauran jami'o'i za su iya ɗauka a wannan shekarar. Wanda kuma ya ƙi amincewa, tayin ya wuce shi ke nan, sai ya koma cikin jerin masu jira. Saboda haka abin da jama'a ke kira samun gurbi biyu, galibi shi ne tayi guda a shafin JAMB, ɗayan kuma suna ne a jerin da wata jami'a ta liƙa ko ta saka a nata shafin, wanda ba zai tabbata ba har sai ɗalibin ya sauya zaɓin makaranta a ofishin JAMB ko a cibiyar jarrabawar kwamfuta da hukumar ta amince da ita, sannan jami'ar ta miƙa sunansa.

A nan ne ake yawan yin asara. Idan ɗalibi na son jami'a ta biyu, wajibi ne shi da mahaifinsa ko wakilinsa su je ofishin ɗaukar ɗalibai na wannan jami'a da ƙafarsu, su ji wane kwas aka ba shi, kuma ko har yanzu ana miƙa sunaye ga JAMB. Alkawarin baki daga wani da ya ce ya san wani a ciki ba gurbi ba ne. Wanda ya ƙi tayin da ke shafinsa bisa irin wannan alkawari ya saki reshe ya kama ganye, kuma sakamakon jarrabawar JAMB na shekara ɗaya ne kacal. Haka nan ba a barin tayi ya yi ta zama ba amsa, domin hukumar na sanya wa'adi.

Kwas kafin sunan jami'a

Akwai ra'ayin da ya zauna a zukatan jama'a cewa digirin jami'ar tarayya ya fi na jami'ar jiha daraja. A doka ba haka abin yake ba. Hukumar kula da jami'o'i ta ƙasa, wato NUC, ita ke sa ido a kan dukkansu da ma'auni ɗaya. Waɗanda suka kammala su tare suke zuwa aikin yi wa ƙasa hidima, kuma idan an ɗauke su aikin gwamnati a mataki na 8 na albashi dukkansu ke farawa. Asusun tallafa wa manyan makarantu na TETFund ma yana gine-gine da horar da malamai a jami'o'in tarayya da na jihohi baki ɗaya. Gaskiya ne tsofaffin jami'o'i sun fi yawan farfesoshi da tsangayoyi da tsofaffin ɗalibai a ma'aikatu, kuma wannan ba ƙaramin abu ba ne. Amma su ne kuma suka fi cunkoso a ɗakunan karatu da na kwana.

A ganinmu, abin da ya fi cancanta a ɗora a ma'auni shi ne kwas ɗin da kowace jami'a ta bayar. Yakan faru ɗalibi ya nemi aikin likita ko lauya, makinsa bai kai ba, sai jami'ar ta ba shi wani kwas daban wanda bai taɓa tunani a kai ba, yayin da ɗaya jami'ar ta ba shi abin da yake so ko makamancinsa. Ɗalibin da ya karɓi kwas ɗin da ba ya sha'awa don kawai a ce yana babbar jami'a, shekara huɗu ko biyar zai yi yana fama, kuma abin da ya karanta ne za a tambaye shi a wurin neman aiki. Da yawa kan shiga da niyyar sauya kwas bayan shekarar farko. Wannan na yiwuwa, amma ya dogara ga sakamako mai kyau da samun sarari a sashen da ake so, kuma a kwasa-kwasan da aka fi rububi sarari ba ya cika samuwa. Komawa wata jami'a a tsakiyar karatu ya fi wannan wuya.

Bayan an san kwas, sai a binciki matsayinsa. NUC na tantance kowane kwas ne daban, ba jami'a dungurungum ba. Akwai cikakkiyar amincewa, wadda ke ɗaukar shekara 5, akwai ta wucin gadi ta shekara 2, akwai kuma kwas ɗin da aka hana amincewa, wanda ba a yarda a ɗauki sababbin ɗalibai a cikinsa ba. Jami'a mai suna na iya samun sashe mai rauni, haka sabuwar jami'a na iya samun sashe mai ƙarfi. Ga masu karatun likitanci, jinya, haɗa magunguna, injiniya da lauya, akwai ƙarin sharaɗi: sai majalisar da ke kula da sana'ar ta amince da kwas ɗin, domin ita ke ba da lasisin aiki ko damar wucewa makarantar horar da lauyoyi. Tambayar wannan a ofishin sashen haƙƙin ɗalibi ne, ba rashin kunya ba.

Lissafin kuɗi

Kuskuren da muka fi gani shi ne kwatanta kuɗin rajistar shekarar farko kawai. Abin da ya dace shi ne uba ya zauna da ɗansa ko 'yarsa, a ɗauko takarda biyu, kowace jami'a da tata, a rubuta kuɗin amincewa da gurbi, da na rajista, da na masauki, da abinci, da mota, da takardun karatu, da kuɗin intanet, sannan a ninka da adadin shekarun kwas ɗin. A tuna cewa aikin gona da injiniya da lauya shekara 5 ne, likitanci 6, galibin sauran kuma 4. A nemi jadawalin kuɗi na shekarar da ake ciki daga jami'ar kanta, domin jami'o'in gwamnati da dama sun ƙara kuɗinsu a shekarar 2023, kuma abin da yayan ɗalibi ya biya a baya ba hujja ba ne. Jami'o'in jihohi sukan yi wa 'yan asalin jiha rangwame a kan na waje. Kuɗin amincewa da gurbi kuwa galibi ba a mayar da shi, don haka kada a biya shi a wuri biyu.

A gidan manomi, nisa kuɗi ne. Tun bayan cire tallafin man fetur a watan Mayun 2023, kuɗin mota ya zama babban kaso na ɗawainiyar ɗalibi. Yaron da ya fito daga Auyo, Kaugama, Malam Madori, Haɗejiya ko Kiri Kasamma, idan yana Kafin Hausa, zai iya zuwa gida a ƙarshen mako ya ɗebo gero da shinkafa da wake, ya kuma kama wa mahaifinsa aikin gona lokacin damina. Ɗan Kiyawa, Birnin Kudu, Buji ko Gwaram, Dutse ce ta fi masa kusa. Na Kazaure, Roni, Gwiwa da 'Yankwashi kuwa, ta yiwu Kano ta fi masa sauƙin zuwa fiye da dukkan biyun. Ɗalibin da ake aiko masa da tsaba daga rumbun gida ya rage wa iyayensa nauyin da ba ya bayyana a takardar rajista. Kazalika a dubi lokacin biyan kuɗi: gidan da sai an sayar da riɗi ko zoɓo ko an kai akuya kasuwa ake samun kuɗi, ya kamata ya san watan da ake rufe rajista tun da wuri.

Dangane da tallafi, akwai hukumar bayar da tallafin karatu ta jiha, wadda 'yan asalin jiha ke nema ko a wace jami'ar gwamnati suke. Akwai kuma asusun bashin karatu na Gwamnatin Tarayya, wato NELFUND, wanda ya fara aiki a shekarar 2024. Bashi ne marar ruwa, ana biyan kuɗin makaranta kai tsaye ga jami'a, kuma an fara shirin ne da ba ɗalibi naira 20,000 a wata domin ɗawainiya. Ana fara biya ne shekara 2 bayan kammala aikin yi wa ƙasa hidima. Ɗaliban jami'o'in tarayya da na jihohi duk suna cikin shirin. Sai dai muna jan hankali cewa bashi ne, kuma yakan ɗauki lokaci kafin ya fito, don haka kada a gina rajistar farko a kansa.

Masauki da 'ya'ya mata

Samun gurbin karatu ba ya nufin samun gado a ɗakin kwanan ɗalibai. Inda gadaje suka ƙare, sai haya a cikin gari, kuma kuɗin haya a babban birni ya bambanta da na ƙaramin gari. Wannan batu ya fi shafar 'ya'ya mata, domin ba sau ɗaya ba ba sau biyu ba yarinya ta sami gurbi amma ta zauna a gida saboda hankalin iyaye bai kwanta da inda za ta kwana ba. Shawararmu ita ce uwa ko gwaggo ko wata babbar mace a dangi ta je ta ga masaukin da idonta, ta duba ruwa da makewayi da tsaro da nisan asibiti, ta kuma ji ta bakin ɗaliban da ke ciki. Idan jami'a ɗaya ce kawai iyaye za su iya sakin jiki da ita, to ita ce zaɓi, ko da kuwa ɗayar ta fi suna. A kuma saurari ra'ayin yarinyar, tunda ita za ta yi zaman.

Batun yajin aiki ba ya raba gardama sosai. Ƙungiyar malaman jami'o'i ta ASUU ta yi yajin aiki na kimanin wata tara a 2020, da na wata takwas daga Fabrairu zuwa Oktoban 2022, wanda ya shafi jami'o'in tarayya da da yawa daga cikin na jihohi. Abin dubawa shi ne kalandar kowace jami'a da ranar da sababbin ɗalibai za su fara. Wannan ya fi muhimmanci ga wanda shekarunsa suka ja, domin wanda ya haura shekara 30 lokacin kammalawa takardar yafewa ake ba shi maimakon tura shi hidimar ƙasa.

Nauyin da ke kan shugabanni

Takardar shaidar zama ɗan asalin ƙaramar hukuma na cikin abin da ake nema lokacin tantancewa, kuma da ita ake samun rangwamen ɗan jiha. A jami'o'in tarayya ma tana da tasiri, domin ana raba gurabe ne kashi 45 cikin ɗari bisa cancanta, kashi 35 ga jihohin da ke yankin jami'ar, kashi 20 kuma ga jihohin da aka bari a baya a ilimin zamani, waɗanda Jigawa na cikinsu. Don haka muna kira ga masu unguwanni, dagatai, hakimai da jami'an sakatariyar ƙananan hukumomi da su gaggauta sa hannu a wannan lokaci, su kuma tabbatar da cewa suna da ranar haihuwa sun yi daidai da waɗanda ke katin ɗan ƙasa da takardar sakamakon WAEC ko NECO. Bambancin harafi guda a suna kan tsayar da ɗalibi a teburin tantancewa.

Ga sakatarorin ilimi da shugabannin makarantun sakandare, muna roƙon su faɗakar da ɗalibai kada su bar kalmar sirrin shafinsu ko layin wayar da suka yi rajista da shi a hannun masu shagunan intanet, domin latsawa ɗaya ta isa ta amince ko ta ƙi a madadinsu. Bayan ɗalibi ya yanke shawara ya amince da tayi, sai ya buga takardar shaidar samun gurbi ta JAMB ya adana ta, sannan bayan an rantsar da sababbin ɗalibai ya duba ko sunansa ya shiga kundin ɗaliban da hukumar ke ajiyewa, domin da wannan kundi ne ake tantance waɗanda za a tura aikin yi wa ƙasa hidima.