Ƙauyen da Ya Ɗauko Mayaƙan Haya

Mahaya sun ja linzami a kan tudu, suna leƙen wani ƙauye da ke kwance can cikin kwari. Ɗaya daga cikinsu ya ce a afka kawai. Ubangidansu ya ce a dakata, ai kakar da ta wuce suka kwashe wa mutanen nan shinkafa, yanzu ko an shiga ba abin da za a samu, a bari sha'ir ya nuna tukuna. Suka juya kan dawaki. Ƙurarsu ba ta gama kwantawa ba sai wani damin itace a gefen hanya ya motsa. Ashe manomi ne ya laɓe a ƙarƙashinsa, duk abin da aka faɗa a kunnensa.

Haka Akira Kurosawa ya buɗe fim ɗinsa Shichinin no Samurai, wato Samurai Bakwai, wanda kamfanin Toho ya fitar a Japan ranar 26 ga Afrilun 1954. Baƙi da fari ne, tsawonsa minti 207, kuma a lokacin ba a taɓa kashe wa wani fim ɗin Japan kuɗi kamarsa ba. An kwashe kusan shekara guda ana ɗauka, har kamfanin ya tsayar da aikin fiye da sau ɗaya saboda kuɗi sun ƙare, Kurosawa kuwa ya kafe. Daga wannan taurin kai aka samu labarin da masu fim suka yi shekara saba'in suna canza masa riga: ƙauye mara gata, 'yan fashin da ke dawowa duk kaka, da baƙi 'yan ƙalilan da aka ɗauko haya su tsaya a tsakani.

A 1586 labarin ya faru, zamanin da sarakunan yankuna suka mai da Japan fagen fama. Da manomin nan ya kai labari gida, gari ya taru a dandali ana kuka. Wani ya ce a kai ƙara wurin hukuma, aka amsa masa da cewa hukuma ba ta zuwa sai ɓarna ta gama aukuwa. Suka ɗunguma wurin Gisaku, tsohon da ke zaune a gidan niƙa na bakin rafi, ya ce a je a ɗauko samurai. Samurai su ne ajin mayaƙa masu rataya takobi, barorin sarakuna, kuma tazarar da ke tsakaninsu da manomi ta kai ta ɗan sarki da ɗan ƙodago. Da me za a biya su, alhali garin ba shi da ko sisi? Tsoho ya ce a nemo waɗanda ke jin yunwa.

Ladan ke nan gaba ɗaya, abinci sau uku a rana. Ni a wurina zuciyar fim ɗin tana cikin wani ɗakin kwanan matafiya, nesa da kowane takobi. Manoman da aka aika birni suna dafa wa samurai farar shinkafa, su kuma su koma gefe suna cin wani hatsi mai kama da gero. An sace musu tulun shinkafar, sai ga Yohei, wani tsoho mai fuskar tausayi, ya durƙusa yana tsintar ƙwayoyin da suka zube a ƙasa ɗaya bayan ɗaya. Kambei, dattijon mayaƙin da Takashi Shimura ya fito a matsayinsa, da farko ya ƙi aikin. Sai da wani lebura ya ɗauko kwanon shinkafar ya tura masa a gaba, ya gaya masa abin da masu kwanon suke ci, sannan ya karɓa ya ce ba zai tozarta wannan abinci ba. Duk wanda ya taɓa ganin uwa tana kankare gindin rumbu a watan da hatsi ya ƙare, ba sai an fassara masa wurin nan ba.

Daga nan aka shiga abin da yau ya zama ruwan dare a fina-finan faɗa, wato tara gwanaye ɗaya bayan ɗaya, kowa da halinsa. Akwai Kyuzo, shiru-shiru, wanda ba ya da wata sha'awa a duniya sai ƙwarewa a takobi. Akwai saurayi Katsushiro, ɗan masu hali, mai neman ubangida. Sai kuma Kikuchiyo, wanda Toshiro Mifune ya yi, mashayi mai hayaniya da takobin da ya fi ƙarfin kafaɗarsa, yana yawo da takardar asali ta sata wadda in an bi lissafinta shekararsa 13 da haihuwa. Tutar da suka ɗinka tana da da'ira shida, da alama mai kusurwa uku ta Kikuchiyo shi kaɗai, da harafin da ke nufin gonar shinkafa.

Dalilin ware shi ya fito ranar da aka gano sulke da māsu a ɓoye a garin, kayan samurai da manoman suka tare suka kashe bayan sun gudo daga fagen yaƙi. Ran mayaƙan ya ɓaci. Kikuchiyo ya miƙe yana zage manoma tas, ya ce maƙaryata ne, marowata, masu ɓoye abinci a ƙarƙashin daɓe, sannan ya juyo ya tambayi 'yan'uwansa wa ya mai da su haka, in ba masu ƙone musu gari da kwashe musu amfanin gona da mata ba. Ya faɗi yana kuka. A nan Kambei ya gane ɗan manoma ne.

Yaƙin ƙarshe an ɗauke shi cikin sanyin hunturu, ana kwarara ruwa, dawaki da mutane suna birgima a taɓo, kyamarori da yawa suna aiki lokaci guda. 'Yan fashi 40 ne, da bindigogin toka guda 3. Samurai huɗu suka mutu, kuma dukkansu harsashi ne ya kashe su, babu wanda takobi ya kayar. Bayan an gama, manoma suna dashen shinkafa da kiɗa da waƙa, ukun da suka rage suna tsaye a gindin kaburbura huɗu masu takubba a soke, ba mai ko kallonsu. Kambei ya ce wannan karon ma an ci su da yaƙi, nasarar ta manoma ce. Fim ɗin ya samu kyautar Zakin Azurfa a bikin Venis a shekarar da ya fito.

Shekara shida bayan haka Amurkawa suka ɗauka. John Sturges ya yi The Magnificent Seven a 1960, ya mai da samurai 'yan bindigar kaboyi, ƙauyen ya koma Meksiko, ladan ya zama dala 20 ga kowane mutum. Yul Brynner ne shugaba, da Steve McQueen da Charles Bronson da James Coburn, Eli Wallach kuma shi ne bos, Calvera. A Meksiko aka ɗauka, kuma masu tace fim na ƙasar sun sa baki sosai: ba su yarda a nuna manomansu da datti ba, shi ya sa za ka ga mutum ya fito daga gona da farin kaya ƙal. Haka kuma aka gyara labarin, ya zama bindigogi manoman suka fita saye tun farko, don kada a ce sun je roƙon Amurkawa su cece su. Kiɗan Elmer Bernstein ya fi fim ɗin yawo a duniya. Amma wurin da ya zauna mini a rai shi ne inda yaran gari suka ce wa Bronson iyayensu matsorata ne, ya kama ɗaya ya tsula masa duka, ya ce ɗaukar bindiga ba komai ba ne a kan ɗaukar nauyin iyali, shi kansa bai taɓa samun wannan ƙarfin hali ba.

Wasu sun kai labarin sararin samaniya, kamar Battle Beyond the Stars na 1980, inda aka sa wa duniyar manoman suna Akir don girmama Kurosawa. Kamfanin Pixar ya mai da shi na tururuwa da fara a A Bug's Life na 1998, mayaƙan hayar kuma ashe 'yan wasan nishaɗi ne aka ɗauko bisa kuskure. A 2004 ya koma gida cikin zanen anime mai suna Samurai 7, kashi 26, inda 'yan fashin suka zama manyan injunan yaƙi, Kikuchiyo ya zama mutum mai jikin ƙarfe. Duk da haka shinkafa ce dai ake faɗa a kanta.

Mu kuwa ta Indiya labarin ya fi shigo mana. Tun shekarun 1960 fina-finan Indiya suka kama silimomin Arewa, kuma a Kano, daga Plaza zuwa Orion da Eldorado, mutane sun san jaruman Bombai har sun raɗa musu sunaye. Dharmendra shi ne Sarkin Ƙarfi. Shi da Amitabh Bachchan ne Veeru da Jai a Sholay, wanda Ramesh Sippy ya ba da umarni, Salim Khan da Javed Akhtar suka rubuta, ya fito ranar 15 ga Agustan 1975. An gina ƙauyen fim ɗin, Ramgarh, a cikin duwatsun Ramanagara kusa da Bangalore, aka yi sama da shekara biyu ana aiki. Makonnin farko masu sharhi sun yi masa kaca-kaca, har aka ɗauka ya faɗi. Daga baya ya tashi, ya yi sama da shekara biyar ana nuna shi a silimar Minerva ta Bombai ba a sauke ba.

A nan bakwai sun koma biyu, ɓarayi ne kuma, ba mayaƙa ba. Wanda ya ɗauko su ma ba taron gari ba ne, Thakur Baldev Singh ne, tsohon ɗan sanda mai neman fansa, wanda ya yi musu alƙawarin rupi 20,000 bayan 50,000 da hukuma ta sa a kan shugaban 'yan fashi Gabbar Singh. Kowa ya tuna lokacin da iska ta yaye mayafin Thakur, aka ga hannayen riga suna lilo babu komai a ciki. An tuna kwabon Jai mai fuska iri ɗaya gaba da baya, wanda sirrinsa bai tonu ba sai bayan ya mutu, da Basanti mai keken doki da bakinta ba ya hutawa, tana rawa a kan fasassun kwalabe.

Sai dai Gabbar ne ya cinye fim ɗin, abin da Kurosawa bai bar wa nasa shugaban 'yan fashin ba, don shi ko suna bai samu ba. Danny Denzongpa aka fara ba wa aikin, amma yana Afganistan wurin ɗaukar Dharmatma, sai aka ɗauko Amjad Khan, ɗan wasan daɓe wanda 'yan kallo ba su san shi ba, har marubutan suna shakkar muryarsa ta yi siriri. Ya fito da kakin soja mai dauɗa, yana taunar taba, yana jan ɗamararsa a kan dutse. Mutanensa uku sun dawo hannu rabbana daga karɓar hatsi a Ramgarh. Ya tambaye su mutum nawa ne suka kore su, ya rage harsashi uku a bindiga mai cin shida, ya juya ta, ya ɗana wa kowannensu a ka. Duk suka tsira. Ya fashe da dariya, dutse gaba ɗaya ya ɗauka, su ma suka saki jiki suna dariyar, sannan ya juyo ya harbe su. Maganganunsa sun shahara har aka buga su a faifai ana sayarwa, kamfanin biskit na Britannia kuma ya ɗauke shi talla da kayan Gabbar a jikinsa.

Na fara kallon Sholay ne a kaset, a wani zaure cike da yara, ba wanda ke jin Indiyanci a cikinmu, kuma lokacin wurin dariyar nan muke jira. Da na sake kallo da girmana, wani wuri ne dabam ya riƙe ni. Limamin garin, makahon dattijo da A. K. Hangal ya yi, ya matsa wa ɗansa tilo Ahmed ya tafi birni neman aiki. Yaron bai yi nisa ba mutanen Gabbar suka tare shi. Doki ya dawo gari da gawarsa a kai, da wasiƙa cewa a miƙa baƙin nan biyu ko kowane gida ya ga irin wannan. Liman ya fito yana laluben hanya, yana tambaya me ya sa gari ya yi tsit haka, har hannunsa ya sauka a kan fuskar ɗansa. Mutane suka ce su manoma ne, ba za su iya ba, a miƙa su. Dattijon ya ce babu kaya mai nauyi a duniya kamar makarar ɗa a kafaɗar uba, kuma shi ne ya ɗauka, amma bai yarda a miƙa kowa ba. Aka kira salla, ya nemi a kama hannunsa zuwa masallaci.

Yau da ake kawo rahotannin ƙauyuka a Zamfara da Katsina da Sakkwato waɗanda 'yan bindiga ke ɗora wa haraji kafin su bari a yi shuka ko girbi, ba na iya kallon taron mutanen Ramgarh in kira su matsorata. Gardamar da suke yi, a biya a zauna ko a tsaya a mutu, ana yin irinta a ƙofar gidan mai gari a wuraren da muka sani da suna.

Ƙarshen da Sippy ya ɗauka tun farko shi ne Thakur ya tattake Gabbar da takalmi mai ƙusoshi har lahira, sannan ya durƙushe yana kuka. Amma fim ɗin ya zo gaban hukumar tace fina-finai ne a cikin dokar ta-ɓacin da gwamnatin Indira Gandhi ta kafa a Yunin 1975, hukumar kuwa ta ce ba za a nuna tsohon ɗan sanda ya ɗauki doka a hannunsa ba. Dole aka sake kwasar 'yan wasa zuwa Ramanagara, aka ɗauki sabon ƙarshe, inda 'yan sanda suka iso daidai lokacin da ƙafar Thakur take sama, bayan an kashe Ahmed, an kashe Jai, suka tafi da Gabbar. Wannan ne ƙarshen da aka kalla a Bombai da Kano. Na asalin, wanda aka gyara aka mayar cikin fim ɗin, an haska shi a babban allo a birnin Bolonya na Italiya a Yunin 2025, shekara 50 bayan an cire shi.