Yaron Da Muke Kira Ɗan Ruwa Da Tseren Keken Kora

Yau tarihin wani wasa zan ba ku, amma bari in fara daga gida.

Lokacin ina yaro a wajen Surko, akwai wani yaro a unguwarmu da wuyansa bai tsaya da wuri ba, hannunsa na dama a naɗe, in zai yi tafiya sai yana tangaɗi. Mutane suna cewa ɗan ruwa ne, wai aljanu suka musanya shi. Mu kuma muna yawo da kekunan haya yana kallonmu daga bakin zaure. Sai da na girma na gane ciwon nasa yana da suna a asibiti, kuma ba shan inna ba ne. Rauni ne da ke samun ƙwaƙwalwar jariri, misali in naƙuda ta yi tsawo ya rasa iska, ko shawara ta yi masa tsanani, ko sanƙarau ya kama shi. Sai ƙwaƙwalwa ta kasa sarrafa gaɓoɓi yadda ya kamata.

To, masu irin wannan ciwon suna tseren keke a gasar duniya. Ga yadda aka faro.

A 1948 wani likita, Ludwig Guttmann, ya shirya gasar harbin kibiya a asibitin Stoke Mandeville na Ingila, don waɗanda suka samu raunin laka a yaƙi. Shi a wajensa wasa magani ne. Wannan ce ta zama gasar nakasassu ta duniya a birnin Rum a 1960. Masu raunin ƙwaƙwalwa kuwa sai 1980 aka ba su wuri, a Arnhem ta ƙasar Holan. A 1984 aka shigo da tseren keke a kan titi, sannan a 1996, a Atlanta ta Amurka, aka kai shi filin tsere na musamman.

Filin kamar ƙwarya yake, gefensa a karkace, kewayensa galibi mita 250. A tseren kora, mutum biyu ake ajiyewa, ɗaya a wannan gefen, ɗaya a wancan. Ana ba da alama kowa ya bi bayan ɗan'uwansa. A wasan ƙarshe, in ka cim ma abokin karawarka, magana ta ƙare. In ba haka ba, wanda ya riga gama nisan shi ya ci. Mita 3000 zagaye 12 ke nan. Keken ba shi da birki, giyarsa ɗaya. Ana kuma raba 'yan wasa aji biyar gwargwadon nauyin nakasa, don kada a kwari kowa.

A ranar 25 ga Agusta 2021, zinaren farko da aka ci a gasar Tokyo a wannan tseren aka ci shi. Paige Greco 'yar Ostareliya ce ta ɗauka, har ta kafa tarihin duniya. Ciwonta irin na yaron unguwarmu ne.

Mu fa? Najeriya ta shiga gasar tun 1992, kuma yawancin zinarenta daga ɗaga ƙarfe yake. Muna da filin tseren keke a Abuja, wanda aka gina don wasannin Afirka na 2003. A Kano masu shan inna sun daɗe suna ƙera kekunan hannu da kansu, suna buga ƙwallon guragu. Amma su sun samu ƙungiya da murya. Masu raunin ƙwaƙwalwa har yanzu a ɗaka ake ɓoye da yawansu.

Don Allah in akwai irin wannan yaron a gidanku, a kai shi asibiti, ga Birnin Kudu nan kusa, a tambayi sashen gashin ƙashi. Ciwon ba ya warkewa gaba ɗaya, amma motsa jiki da wuri yana taimakawa ƙwarai. Ni dai har yau ina jin kunyar cewa ban taɓa ce wa yaron nan zo ka hau kekena ba.

Sai mun haɗu a shiri na gaba.